Gahawa a Bene na Uku

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, a Sudan aka haife ta, a kan hanyar Makka, zamanin da ake tafiya a ƙasa ana yada zango shekara da shekaru. Ba ta dawo gida da dukiya ba, amma ta dawo da gahawa, kuma a hannunta na koya tun ina yarinya a Agege. Ba za ku fahimci abin da ya sami babanku ba a shekarar da gwamnati ta kwashe kayanta daga Legas zuwa Abuja, sai kun san yadda wannan abin sha ya zauna a gidanmu. Kun ji labarin guntu-guntu a bakin mutane, wasu sun ƙara, wasu sun rage, har da waɗanda suka rage don su rufa mini asiri. Ni ce na tsaya a wurin, kuma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A wurin Inna, aikin gahawa daga faifai yake farawa. Za ta zube ɗanyun ƙwayoyin ta sa ni in tsince su ɗaya bayan ɗaya: a fitar da tsakuwa, a fitar da baƙa, a fitar da wadda ƙwaro ya huda, a fitar da wadda ta yi fari kamar ta sha rana. Mai kyau tana da launin kore mai duhu-duhu, tana da nauyi a tafin hannu, idan ka sa mata haƙori ba ta yarda. Kafin ta saya sai ta cusa hancinta cikin buhu, idan ta ji warin damshi ko na fumfuna ta juya ko da kyauta za a ba ta. Sai suya, a kasko, a kan gawayin da ya gama ci ya yi ja, ana juyawa ba tsayawa. Ƙwayar za ta tashi daga kore ta koma ruwan gyaɗa, ta yi ja, sannan ka ji ta fara ƙas-ƙas kamar ana karya tsinke. Daga nan kunne ne yake aiki, domin tsakanin nuna da ƙonewa bai fi numfashi kaɗan ba. A sauke, a bakace ƙaiƙayin, a bari ta huce, a daka a ƙaramin turmi da ɗan citta, a dafa a tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ta taso sau uku ana saukewa, a bari ta kwanta. Duk wannan a tsakar gida muke yi, hayaƙi yana tashi sama yana tafiyarsa. Ban taɓa tunanin cewa tsakar gidan ma wani ɓangare ne na aikin ba.

Babanku bai san gahawa ba sai da ya aure ni. Ranar farko ya yamutsa fuska, cikin wata uku kuwa ya zama idan bai sha finjali biyu bayan asuba ba, kansa ba ya ɗaukar aiki. Akawu ne a ɗakin ajiye fayiloli na wata ma'aikata, kuma an san shi da riƙe lamba a ka. Idan aka nemi takarda ba ya buɗe littafi, sai dai ya miƙe ya je ya zaro ta. Saboda haka da aka fara loda fayiloli a manyan motoci, yana cikin waɗanda aka tura farko. Wata huɗu ya yi yana kwana a kan tabarma tsakanin akwatunan takardu, shi da wasu magidanta da suka bar iyalinsu a Legas, domin gidajen da aka gina ba su isa ba. Mutane suna bin manya suna roƙo, wasu suna kuka da hawaye a kan ɗaki ɗaya.

Mu kuwa sai Allah Ya kawo mana sauƙi ta hannun ogansa. An ba ogan gida a Garki, a bene na uku, ɗaki biyu da falo, amma yana jiran wani gidan da ya fi wannan girma, iyalinsa kuma suna Legas, shi yana sauka a otal. Ya miƙa wa babanku makulli, ya ce mu zauna, idan nasa ya fito zai sa a mayar da takardar da sunan babanku. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ya taɓa jin ƙara a kanmu, domin gidan da sunansa yake. Na bar yayarku a wurin Inna ta ƙarasa zangon makaranta, na hau mota na taho da ƙaramin ciki. Kai ne a cikin, Nasiru.

Ban taɓa zama a wuri irin wannan ba. Ƙasa santsi, tagogi na gilashi masu rufuwa ruf, babu tsakar gida, babu wanda zai leƙo ya ce ina kwana. A ƙofar bene an manna takardar dokoki, kuma akwai mai kula da ginin, wani tsohon soja da ba ya dariya, wanda yake zagayawa safe da yamma yana shinshina iska. An hana icce, an hana gawayi, an hana daka a sama. Satin da na zo na ga an fito da kayan wasu mutane daga bene na ɗaya saboda matar ta hura wuta a bayan gini ta yi ɗumame. Na tsaya a baranda ina kallon katifarsu a kan ciyawa, yaransu suna zaune a kanta. Daga ranar ko cokali ya faɗi a kicin sai gabana ya faɗi. Turmina ma a kan matashin kai nake ɗora shi, in riƙa dannawa da taɓarya maimakon dukawa.

Dafuwa ba ta ba ni wahala ba, murhun lantarkin da ke kicin ya isa. Suyar ce ta gagara. Murhun yana ƙone gefe ɗaya ya bar ɗaya ɗanye. Na gwada risho, gahawar ta kwashi warin kananzir. Na sayo ta gwangwani, babanku ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce ruwan zafi ne aka sa wa launi. Wata yamma ya shigo da kwali a kafaɗa, an rufe samansa da tsofaffin jaridu. Da ya kulle ƙofa ya buɗe, sai ga sabon kurfoti, murhun ƙarfen nan na gawayi. Gawayi kuma muka riƙa sayowa a Mararaba, in sa shi a ƙasan buhu in jera doya a kai.

Kun san hayaƙin suyar gahawa, ba ya ɓuya. Idan aka bar taga a buɗe, duk ginin zai sani kafin ƙwayar ta yi ja. Saboda haka muka tsara abinmu: ranar Asabar da safe, a rufe tagar kicin, a jiƙa tsohon zane a toshe ƙasan ƙofa, a soya ta mako guda. Bayan an gama a bar hayaƙin a ciki, sai tsohon sojan ya tafi kasuwa da rana a riƙa buɗe taga kaɗan-kaɗan. A ranar farko, kafin ya ƙyasta ashana, babanku ya dube ni.

“Rakiya, ki rantse mini wannan ba zai fita daga bakinki ba. Ko Yaya Asabe kada ta ji.”

Na rantse da Allah. A lokacin ban ga nauyin abin ba.

Asabar biyun farko ni na yi suyar, kuma duka biyun na fito da ciwon kai da amai, ƙafafuna ba sa ɗaukata. Muka ce laulayin ciki ne. Babanku ya ce daga yau shi zai riƙa juyawa, ni in tsaya a baranda kamar mai shanya, in sa ido a kan tsohon soja. Idan na ƙiyasta lokaci ya yi sai in dawo in kara kunne a jikin ƙofa, in ji ƙas-ƙas ɗin, in ƙwanƙwasa masa ya sauke. Ya kuwa iya. Har ya ƙara da cewa tunda garwashi ya rage, bari ya dafa ta ranar a kansa, domin ta garwashi daban take. Sai ya zama yana yin awa guda ko fiye a ciki.

Ni na warke, shi ya fara. Duk Asabar zai fito yana dafa bango, ya ce kansa kamar ana sara, zuciyarsa tana gudu. Ya sha gahawarsa ya kwanta, ya wuni bai san inda yake ba. Lahadi da yamma ya warware, Litinin ya tafi aiki lafiya. A ofis wasu suka ce masa ƙasar Abuja ce, an yi gini a kan gonakin mutane da makabartunsu, sai an haɗa da addu'a. Aka kawo masa rubutu ya sha. Wani ya ce hawan jini ne, aka auna ranar Talata aka ga babu komai.

Gwaggonku Asabe, yayarsa, ta riga mu zuwa wannan yanki da shekaru, tana sayar da abinci a Mararaba. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun a Legas ba ta son baƙin ruwan nan da nake ba shi. Sau biyu ta zo ranar Asabar da yamma ta tarar da shi a kwance. A karo na biyu ta ɗauki finjalin da ya sha ta shinshina, ta ajiye, ta tambaye ni ko ni ma ina sha. Na ce tun da na sami ciki na daina, zuciyata ba ta so. Ta yi mini wani irin kallo. Na gane abin da ta ɗauka, kuma ban iya kare kaina ba, domin ni ma na fara zargin kaina. Gahawar da nake samu a nan ba daga hannun da na sani take fitowa ba. Wani direban babbar mota ne yake kawo ta daga Mambila yana sayarwa a bakin tasha, kuma a lokacin ana ta maganar masu zuba maganin ƙwari a buhun wake. Na riƙa tsince ta sau uku, na wanke ta na shanya, abin da Inna ba ta taɓa yi ba. Na canza mai sayarwa. Duk da haka kowace Asabar sai ya kwanta. Na zama idan na miƙa masa finjali, sai in bi maƙogwaronsa da kallo har ya haɗiye. Na roƙe shi mu bari na wata guda mu gani, ya ce ciwon kan rashinta ya fi wannan, kuma aiki ya yi yawa, fayiloli suna ta isowa a hargitse, shi kaɗai ya san kansu.

Asabar ɗin da abin ya faru, damina ce, gari ya yi luf babu iska. Cikina wata bakwai. Ya shiga ya toshe ƙofa, na fita baranda da bokitin wanki. Sai ga tsohon soja ya jawo babur ɗinsa daidai ƙarƙashin tagar kicin ɗinmu, ya zauna yana wankewa, yana goge kowace waya. Na kasa matsawa, ina tsoron in bar wurin ya ɗaga kai. Na shanya kaya, na kwashe, na sake shanyawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abin da ya dawo da ni shi ne ƙauri, warin gahawar da ta ƙone ƙurmus, ta cikin falo. Babanku bai taɓa barin ta ƙone ba.

Na ƙwanƙwasa, shiru. Na kira shi Malam, Malam, shiru. Na tura ƙofa ta ƙi, na sa kafaɗa na danna da duk ƙarfina ta buɗe kaɗan, ashe ƙafarsa ce ta tokare ta. Yana kwance a gefen kurfoti, ya yi amai, idonsa a buɗe rabi, kaskon yana ta hayaƙi baƙi. Na kama shi ta hammata na ja shi zuwa falo, ban san inda na sami ƙarfin ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Ban yi ihu nan take ba. Na bar shi a kwance a falo na koma kicin, na kwara wa garwashin ruwa, na naɗe hannuna da zane na tura kurfotin cikin kabad ɗin ƙarƙashin famfo, na zube ƙonanniyar gahawar a leda, na jawo ƙofar na rufe. Sai bayan nan na fita na buga ƙofar maƙwabta. Mijina yana shure-shuren mutuwa, ni kuwa tsohon soja nake tunani. Na sha lissafa wannan ɗan lokaci a raina, wani sa'in in ce minti biyu ne, wani sa'in in ce biyar. Har yau ban san abin da ya ci daga jikinsa ba.

A bene na biyu akwai wata nas, mutuniyar Filato, muna kiranta Sista Rifkatu. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu a kan matakala. Ita da mijinta suka ɗauko shi suka sa a motarsu, ta riƙe kansa a cinyarta tana lalubar wuyansa har muka isa asibiti. Likita ya tambaye ni abin da ya ci da abin da ya sha. Na ce gahawa, ta jiya da ta rage, ya sha bayan asuba. Ya tambaya ko akwai wani abu kuma, ko ya taɓa wani magani, ko yana wani aiki lokacin da ya faɗi. Na ce babu. Suka shiga da shi suka fara wanke masa ciki.

Mijin Sista ya je ya ɗauko gwaggonku, wani kuma ya sanar da oga a otal, kusan tare suka iso. Gwaggonku ta leƙa ta ga ƙaninta da roba a hanci, ta fito ta tsaya a gabana. Ba ta ɗaga murya ba.

“Wata nawa kina ba shi abin da ke ba kya sha?”

A gaban likita ta faɗa, a gaban oga. Likitan ya ce a kawo abin da ya sha a bincika, kuma idan guba ce dole ya sanar da 'yan sanda, ya riga ya rubuta zargin haka a kati. Oga ya ce shi ma sai ya sani, tunda a gidan da ke da sunansa abin ya faru. Na ji bakina yana magana kafin in yi shawara da zuciyata. Na ce a bi ni gida, zan ɗebo daga buhun nan, in soya, in dafa, in sha a gaban Yaya Asabe, sannan a kawo sauran. Sista Rifkatu ta ce wannan ba hankali ba ne ga mai ciki, amma da ta ga na kama hanya sai ta biyo mu.

A cikin motar nan na yi sallama da kai, Nasiru. Na riga na gaskata cewa akwai wani abu a cikin buhun, kuma na san abin da ya kayar da namiji ba zai bar ɗan wata bakwai ba. Na ɗora hannu a cikina ina jin motsinka, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban ga wata hanya ba. Idan na ƙi sha, na zama mai kisa a idon kowa. Idan na sha, wataƙila in zama mai kisan da gaske.

Muka hau bene mu uku muka shiga kicin. A nan na tuna cewa ba zan iya suyar ba sai na fito da abin da na ɓoye. Na tsaya jim, sannan na durƙusa na jawo kurfotin, na zubar da jiƙaƙƙen gawayin na zuba sabo. Gwaggonku ta bi shi da kallo. Hannuwana kuwa suka ci gaba da abin da suka saba: na duba taga na tabbatar a rufe take, na jiƙa zanen a famfo, na tura ƙofa, na fara cusa shi a ƙasanta. Na ɗauki ashana ke nan Sista ta riƙe mini hannu.

“Tsaya. Me kina yi haka?”

Na ce don kada hayaƙi ya fita.

“Kullum haka kuna yi? Shi yana ciki, ƙofa a rufe, gawayi yana ci?”

Na ce duk Asabar. Ta fizge ashanar, ta bankaɗe taga, ta shure zanen da ƙafa. Sannan ta gaya mana cewa a garinsu, lokacin sanyi, ta ga an fito da mutum huɗu 'yan ɗaki ɗaya waɗanda suka shiga da kaskon garwashi suka rufe ƙofa, babu wanda ya tashi. Ta ce gawayi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar numfashi. Ta ce gahawata ba ta da laifin komai, kuma amai da jirin da na yi a farko ba laulayi ba ne.

Gwaggonku ta sulale ta zauna a ƙasan kicin. Ta daɗe tana kallon kurfotin. Ita mace ce da ta san wahalar muhalli, ta yi shekaru tana kwana a rumfar da take sayar da abinci, nan da nan ta hango abin da ke tafe. Ta ce tunda an gane, a nannaɗe wannan abu a buhu a jefar da shi a daji, a koma a ce hawan jini ne, ita za ta janye maganarta. Ta ce idan oga ya ji an hura gawayi a gidansa, mun tashi, kuma ƙaninta ba zai sake samun irin wannan ba har ya mutu. Sista ta ce likita yana maganin abin da ba shi ne ba, dole ya sani yanzu, kuma ba zai goge abin da ya rubuta ba sai ya ji daga bakin matar gida. Oga kuma yana tsaye a asibitin, ba inda za shi. Suka juyo suna kallona su biyu.

Na tuna rantsuwar da na yi. Na tuna katifar mutanen nan a kan ciyawa, na tuna wata huɗun da ya yi a tabarma. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa da safiyar nan na riga na zaɓi gidan sau ɗaya, na bar shi a kwance. Na ce mu koma.

Na sami likita da oga a bakin ɗakin da babanku yake kwance. Na faɗa wa likita komai da Hausa, Sista tana mayarwa da Turanci, oga yana saurare: kurfoti, taga, jiƙaƙƙen zane, Asabar nawa. Abu ɗaya na rage, wanda na gaya muku ɗazu. Likitan bai tsaya yi mini faɗa ba, ya sa aka gungumo tukunyar iska aka rufa wa babanku robarta a fuska, ni ma ya sa aka kwantar da ni aka saurari bugun zuciyarka. Oga ya ciro hankici ya goge fuskarsa, ya yi wa babanku addu'a irin ta addininsu, ya tafi. Bayan kwana biyu ya aiko cewa mu ba da makulli a ƙarshen wata. Ban riƙe shi a zuciya ba. Da gawa aka fitar daga gidan, ko gobara ta tashi, shi za a tambaya.

Babanku ya buɗe ido da la'asar, amma sai washegari ya gane mutane sosai. Da ɗakin ya rage daga ni sai shi, ya yafito ni da hannu.

“Kin faɗa?”

Na ce na faɗa. Ya juya fuskarsa bango.

Muka koma Mararaba, ɗaki ɗaya a gidan da gwaggonku take haya. Ba ta taɓa buɗe baki ta ba ni haƙuri ba, amma ita ta karɓi haihuwarka, ita ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in ba ta fasa ko sau ɗaya ba. Ka faɗo ka yi kuka, na yi hamdala, sai dai tsoron bai sake ni ba. Ina lura da idonka ko yana bin haske, ina tafa hannu a bayanka in ga ko za ka juyo, ina ƙirga watannin da ka yi kafin ka zauna. Sai ranar da ka dawo daga makarantar allo kana biya karatunka ba tuntuɓe na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Bayan na yaye ka na yi azumin kaffarar rantsuwata.

Shi kuwa bai dawo yadda yake ba. Jiki ya warke, amma lambobin nan da yake riƙewa a ka suka riƙa zamewa. Zai miƙe ya nufi kabad ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya rasa abin da ya tashi nema. Aka ɗauke shi daga fayiloli aka mayar da shi wurin karɓar wasiƙu, a nan ya zauna har ya yi ritaya, yaran da ya koya wa aiki suka wuce shi. Kullum sai ya fita tun da duhu ya bi layin mota zuwa cikin gari. Bai taɓa yi mini gori ba, bai kuma taɓa ambaton gidan ba, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Fiye da shekara ban taɓa kasko ba, ko ƙanshin na ji a wani wuri sai in bar wurin. Da na koma suya, a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida na koma, shi kuma ya karɓi aikin tsincewa, domin ya ce wannan ba ya bukatar tuna komai.

Shekaru da yawa bayan haka gwamnati ta sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki. Wanda aka ba makullinmu, wani abokin aikinsa da suka kwana a tabarma ɗaya, ya zama mai gida a Garki. A bakin maƙwabta na ji da rana, na wuni gabana yana faɗuwa, na san shi ma ya ji a ofis. Ya dawo bayan la'asar, ya yi alwala, ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin mangwaro, ya ce in miƙo masa faifai. Na miƙa masa na tsaya, na kasa zama. Ya daɗe yana tsincewa kansa a sunkuye. Na ce masa, Malam, na ji labarin gidan, ka yafe mini.

Bai ɗago ba. Ya fitar da wata baƙar ƙwaya ya jefar.

“Da kin yi shiru, Rakiya, da an sallamo ni zan sayi wani kurfotin. Na san halina. Asabar mai zuwa zan shiga in rufe ƙofar.”

Ya ɗan karkaɗa faifan, ya matsar da ƙafarsa ya ba ni wuri a kan tabarma, ya ce in zauna in taya shi, idonsa ba ya ganin masu hudar nan sosai.